Yatsu Huɗu

Duk ran da na ɗaura mata tirela
sai ta durƙusa kamar raƙumin gishiri,
gindi a ƙasa, hanci a sama,
fitilunta na lasar rassan itatuwan Greensboro
sun bar kwalta cikin duhu.
Masu tahowa su yi ta ƙifta mini nasu, suna zagi.
Motoci biyu ne a bayana, na gwanjo,
za su Savannah su hau jirgin ruwa,
su sauka Kwatano,
su riga ni isa Maraɗi.

Sitiyari ya yi sakwaf a hannuna.
Ran da ruwa ya tare ni kusa da Charlotte
tirela ta kaɗa wutsiya, hagu, dama, hagu,
na yi salati da muryar da ban san ina da ita ba.

Asabar na kai ta wurin Rigoberto.
Garejinsa na bayan shagon wanki,
warin baƙin mai da soyayyar albasa.
Ya auna daga taya zuwa bakin bodi,
ya rubuta a bango da alli.
Muka ɗaura kaya, ya sake aunawa,
ya ɗaga mini yatsu huɗu,
don Turancinmu, ni da shi, gurgu ne.

Sifirin ya gaji.
Ƙarafan da aka haifa a lanƙwashe
sun miƙe sambal, sun sallama.

Muka ɗaga ta da jak.
Noti ɗaya ya yi tsatsa, ya ƙi sifana, ya ƙi guduma,
sai da ya ji wuta ya saki.
Zuwaira, 'yar shekara goma sha ɗaya,
ta kwanta a kan kwali tana riƙe mana tocila,
tana haska kunnena maimakon ƙarfen.
Muka ƙara falle guda a kowane gefe,
da jakar iska, baƙa, kamar salkar roba,
da shokazoba sababbi.
Dala ɗari takwas ba ashirin.
Kuɗin kwanon ɗakin Inna ne a Tibiri;
na ce damina da saura.

Da aka hura iska
ta ɗago a hankali, tana nishi,
kamar tsohon da ya ji sallamar ɗansa a zaure.
Aka sake awo. Yatsa ɗaya.
Na yi dariya har da tafi.

Rigoberto bai yi ba.
Ya goge hannu, ya buɗe ƙofar direba,
ya ɗora yatsa kan 'yar takardar da ke manne a jikinta.
Ya ce, ta miƙe, aboki, ba ta ƙara ƙarfi ba.
Birkin na jiya ne, ƙashin bayan na jiya ne.
Abin da aka rubuta nan shi ne iyakarta,
sai dai yanzu ba za ta ƙara nuna maka ba
in ka wuce shi.

Da dare na kwance ɗamarar da nake sawa a ƙugu,
wadda na saya a kantin magani tun bara.
Waya na ta haske a kan tebur:
kuɗin makarantar 'ya'yan Sallau,
allurar Baba Maikano,
wani ɗan ƙanen kishiyar gwaggo zai buɗe shago.
Ran Juma'a kowa ya gan ni sai ya ce,
Tanimu, Amurka ta karɓe ka, dubi yadda ka miƙe!

Zuwaira ta shigo da abin awon Rigoberto,
ta manta shi a aljihu.
Ta ce, Baba, tsaya in auna ka.
Na tsaya.
Ta ce, a'a, ba haka ba,
tsaya yadda kake tsayawa in ba kowa.

Litinin da asuba na ɗora mota ɗaya.
Ɗayar ta jira Laraba.
Fitilu suka sauka kan hanya,
na ga farin layi, na ga ramuka,
na ga wata barewa a bakin daji
tun da sauran nisa.